Waken da Ya Ƙi Jin Ƙishirwa

Ranar da takarda ta iso cewa an ba Auta gurbin karatu na shekara ɗaya a ƙasar waje, kyauta, har da jirgi da ɗakin zama, jaririyarta tana da wata huɗu a duniya. Shekara shida ke nan Auta tana aiki a ofishin raba iri ga manoma, tana kallon damina tana zuwa a makare tana ɗaukewa da wuri, manoma suna dawowa suna tambayarta ko akwai irin da ba ya jin fari. Karatun nan kuwa a kan haka yake: sauyin yanayi, noma, da yadda abinci zai wadata. Sau uku tana nema, sai a na huɗu aka kira ta, lokacin da take da goyo.

Mijinta malamin sakandare ne, ba shi da halin barin aji shekara guda. Aka zauna aka tashi, shawara ta ƙi ƙarewa. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, tana gefe tana tsinke ganye a faranti, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Ni me nake yi? Lambuna ba gudu zai yi ba. Ki tambaye su ko ana zuwa da uwa."

Ashe ana zuwa da uwa, in dai mutum ya iya cike takardu.

Inna ta haura sittin. Shekara arba'in ta yi tana lambu a bayan gida, tumatir da albasa da barkono da alayyafo, da shi ta yi wa 'ya'ya shida hidimar makaranta. Ba ta taɓa hawa jirgi ba, amma da aka sauka sai ta ce ba wani abu ba ne, mota ce mai yawan surutu.

Ɗakin da aka ba su yana hawa na huɗu, ciki ɗaya da ɗan kicin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki sai ɗaya ya ce gafara. Tagar tana kallon filin ajiye motoci. Ga sanyi. Cikin sati biyu Inna ta haddace motocin unguwar kaf, ta san mai fita da wuri, ta san wanda bai iya fakin ba. Jaririyar kuwa, wadda Inna ta laƙaba wa Uwar Ɗaki saboda ita ke ba da umarni a gidan, ta ƙi karɓar bulumboti ƙememe. Dole Auta ta riƙa gudu tsakanin lacca da gida, hawa huɗu sama, hawa huɗu ƙasa.

Dabara ta zo daga wurin mai kula da rumfunan gilashi na jami'ar, inda ake rainon shuke-shuken gwaji. Wani dattijo ne mai tsayi har sai ya sunkuya a ƙofa, shi ya sa Inna ta sa masa Dogo tun ganin farko. Ya ga Auta tana haki wata safiya, ya ji dalili, ya ce ai akwai benci a rumfar da waken bincikenta yake, ga ɗumi, ga shi taku kaɗan ne zuwa ajinsu. Tsohuwa da jaririya su zauna can mana.

Da Inna ta sa ƙafa a rumfar ta shaƙi ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ta tsaya cak ta cire mayafin sanyi.

"Yau na ga wurin mutane," ta ce.

Binciken Auta ba shi da wuyar faɗa. Wake ne iri goma sha biyu, kowane iri tukwane goma na roba, kowace tukunya a kan farantinta. Biyar an ɗaura musu shuɗin ƙyalle, siririn bututu yana ɗiga musu ruwa kullum. Biyar an ɗaura musu ja, kuma da zarar sun yi ƙwari za a yanke musu ruwa a ga wanda zai fi jurewa. An cakuɗa tukwanen a kan tebura, lamba ce kawai a gindin kowace ke nuna irinta. Auta ta yi wa Inna bayanin nan a ranar farko, amma ta yi shi ne da kalmomin aji, Uwar Ɗaki kuma tana tsala ihu. Inna ta ce "To, Allah ya taimaka," Auta ta ɗauka an gane.

Aka yanke wa jajayen ruwa. Litinin, Laraba da Juma'a Auta tana aji tun safe har azahar, tana leƙowa ta ba da nono ta koma. Sauran ranaku tana rumfa da ma'auni da littafinta, tana auna tsayi, tana ƙirga ganye.

Sati ɗaya, jajayen suka ɗan yi laushi, kamar yadda littafi ya ce. Sati biyu, maimakon su ƙara langaɓewa, sai suka miƙe. Sati uku, ga su kore shar, har wasu sun fara fure. Auta ta tura yatsa cikin ƙasar saman tukunya, a bushe ƙamas. Ta sake turawa a wata, haka. Cikin murna ta ɗauko waya ta ɗauki hotunansu.

Malamar da ke duba aikinta, wata ƙaramar tsohuwa mai furfura da ke zuwa aiki a kan keke, kowa Farfesa yake ce mata, ta yi tafiya taro a lokacin. Auta ta aika mata hotuna. Amsa ta dawo cikin minti goma: abin mamaki ne, kada ta taɓa komai, ta ci gaba da aunawa, za ta dawo ƙarshen wata.

Da yamma Auta ta kira mijinta.

"Malam, ina jin mun tono wani abu. Sati uku ba ɗigon ruwa, wake yana fure!"

"Iri nawa daga ciki?"

"Duka sha biyun."

Lissafi yake koyarwa, ba ya son abin da ya cika kyau.

"Duka? Ko a ajina ban taɓa ganin kowa ya ci jarrabawa ba sai in an saci amsa."

"Kai dai ba ka iya taya mutum murna ba."

Inna tana kicin tana wanke kwanuka, ta jiyo rabin zancen, ta ce, "Ai waken nan naki yana da albarka, Auta. Kulawa kawai yake so." Auta ta ce wallahi kuwa, Inna.

Ranar Larabar sati na biyar malamin da zai yi musu lacca bai zo ba, mura ta kwantar da shi. Auta ta nufi rumfa da ƙarfe goma, tana tunanin yadda za ta tsara babin sakamako. Ta tura ƙofa a hankali don kada ta tashi yarinya. Uwar Ɗaki tana barci a kekenta. Benci ba kowa.

Can tsakanin tebura ta hango bayan Inna, a duƙe, da butar ban ruwa ta Dogo a hannu. Tana ɗaga tukunya mai jan ƙyalle da hannu ɗaya, ta tsiyaya ruwa a farantin ƙasa, ta mayar, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Sha, ɗan nan, sha. Kai ma na gan ka, ina zuwa. Haƙuri za ku yi, yarinya ce, karatu ya yi mata yawa."

Jakar Auta ta zame daga kafaɗarta ta faɗi.

"Inna!"

Inna ta juyo, ko a jikinta. "Au, har kun tashi? Miƙo min waccan, bayana ya gaji."

"Inna, me kike yi?"

"Me kika ga ina yi? Bututun waɗannan ya lalace tun tuni. Na ga ba ki lura ba, ban kuma so in faɗa a ci mutuncin Dogo, dattijo ne da iyali. Sai na ce bari in rufa muku asiri ku duka."

"Tun yaushe?"

"Tun da suka fara roƙo. Sati huɗu ke nan ko? Ta ƙasa nake ba su, saiwa ta ja da kanta. In ka zuba ta sama zafi ne ke shanye rabi."

Auta ta nemi bakin tebur ta zauna. Sai hawaye. Ta share su ta yi bayanin da ya kamata ta yi tun farko, da Hausar gida: da gangan aka hana su ruwa. So ake a ga wanda zai rayu in damina ta ɗauke, don a kai wa manoma shi.

Inna ta ajiye butar a hankali kamar ƙwai ne a ciki.

"Wato azumi kika sa su."

"Eh, Inna."

"Ni kuma ina bi ina ba su abinci a ɓoye."

"Eh."

Inna ta dubi layin waken, kore shar, ta dubi 'yarta. "Garin gyaran gira na tsone ido," ta ce. Sai kuma ta ƙara, don ba ta iya barin magana a ciki: "Amma ke ma, Auta, da kin ce min azumi ne da na gane. Kika tsaya kina min turancin littafi."

Kwana biyu gidan ba daɗi. Auta tana lissafin watannin da suka rage mata: tallafin shekara ɗaya ne, ba a ƙara ko kwana. Har ta raya a ranta ta ce bututu ne ya yi yoyo, amma wannan zai faɗa kan Dogo, wanda bai ci ba bai sha ba. Shi da ya ga Inna da buta ya ɗauka furannin bakin ƙofa take shayarwa, har godiya yake mata da hannu. Mijinta da ya ji labari ya yi dariya har wayar ta faɗi, sannan ya ce, "Ki faɗi gaskiya kawai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ranar Litinin Farfesa ta dawo. Auta ta shirya za ta fita, sai ta ga Inna ta saka kayanta na fita unguwa, ta goya Uwar Ɗaki.

"Ina zuwa, Inna?"

"Wurin malamarku. Wanda ya ɗebo da zafi ai bakinsa. Ke dai ki fassara, kada ki rage min ko kalma."

Ofishin Farfesa ƙarami ne, littattafai har ƙasa, hular keke a kan kujera. Ta kwashe takardu ta ba Inna wuri. Inna ta gyara zama ta fara: ta gaida Farfesa, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ta faɗi shekarunta a lambu, ta faɗi yadda ta raini 'ya'ya shida ba wanda ya taɓa ɗaukar abin wani, ta ce Auta tun tana ƙarama ba ta ƙarya sai dai kuka, sannan ta iso kan wake. Ta yi minti biyar cur.

Auta ta juya ta faɗa da harshen makaranta, a jimla biyu: mahaifiyata ta shayar da tukwanen fari tsawon sati huɗu. Sakamakon duk ya lalace.

"Shi ke nan abin da na ce?" Inna ta tambaya. "Ina gaisuwar?"

Farfesa ta cire tabarau. Ta dubi Auta, ta dubi Inna, ta rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunta suka fara rawa. Auta ta ɗauka kuka take, ashe dariya ce, har da share ido. Ta ce ta kwana uku tana juya hotunan nan a ɗakin otal tana neman inda kuskuren yake, ta zargi bututu, ta zargi rufin rumfa, ba ta taɓa kawo uwa a ranta ba.

Sai ta daina dariya ta yi tambaya, Auta ta fassara: duka jajayen Inna ta shayar?

"A'a. Masu roƙo kawai."

Yaya wake yake roƙo?

"Wajen hantsi ganye yakan juya baya, ya haɗe kamar mai jin kunya. In ya kai azahar bai buɗe ba, ƙishi ne na gaske. Akwai dai wasu 'yan taurin kai da ba su taɓa roƙona ba, ni ma ban ba su ba. Ba na bin mai girman kai da abinci."

Farfesa ta miƙe tun Auta ba ta gama fassarawa ba. Ta ce a nuna mata su.

Suka ɗunguma zuwa rumfa, Dogo ya biyo su yana tambayar abin da ya faru. Inna ta shiga tsakanin tebura da goyonta, ba ta ko duba lamba, don ba karatun boko ta yi ba. Ta taɓa wata tukunya a layin farko. Ta wuce ta taɓa wata can kusa da taga, biyu a tsakiya, ɗaya a lungu.

"Ga su nan. Masu siririn ganye da jan kara. 'Yan gida ɗaya ne, ko ba a faɗa ba."

Auta ta bi tana ɗaga tukwanen, ba nauyi, kamar ba ƙasa a ciki. Ta duba gindi. Tara. Tara. Tara. Duka biyar ɗin iri na tara ne, sati biyar ba ruwa, kuma suna tsaye.

Farfesa ta daɗe tana murza ganyen ɗaya a yatsunta. Sannan ta faɗa wa Auta gaskiya ba kwana-kwana: wannan ba zai shiga kundi ba, don ba a rubuta bincike da "Inna ta ce". Sai an sake shuka daga farko, wata biyu da rabi, hutun da ɗalibai za su tafi ita tana nan. Amma yanzu sun san inda za su sa ido, kuma akwai abin da ba su taɓa aunawa ba: lokacin da ganye ke haɗewa da lokacin da yake buɗewa. Ta tambaya ko Inna za ta yarda ta riƙa duba musu wannan, tunda idonta ya riga na kowa.

"Me ta ce?"

"Aiki take ba ki, Inna."

"Da buta ko ba buta?"

"Ba buta."

Inna ta yi ajiyar zuciya. "To. Amma ki gaya mata ba da son raina ba."

Aka zubar da tsohon wake, aka wanke tukwane, aka sake shuka. Dogo ya ɗauke butarsa ya kulle a kabad, ya nuna wa Inna makullin yana murmushi, ita kuma ta yi masa daƙƙuwa cikin wasa. Tun daga nan suka zama abokai, ba wanda ke jin yaren wani, amma sai su yi rabin awa suna musu a kan yadda ake yi wa tumatir kaciya, wato rage masa rassa, da hannu da ka.

Aikin Inna shi ne ta zaga da kwandon tsinkayen roba. Duk tukunyar da ta haɗe ganye ta soka mata tsinke, Auta ta biyo ta rubuta lamba da lokaci. Satin farko lafiya. Sati na uku, da jajayen suka fara zubar da ganye, Inna ta daina yi musu magana, ta koma tafiya da hannu a baya kamar mai tsoron hannun zai yi abin da ba a sa shi ba. Wata rana Auta ta same ta ta juya wa teburan baya tana kallon bango.

"Inna, lafiya?"

"Wanda kike ce wa na bakwai ya mutu. Duka biyar." Ta goge ido da bakin mayafi. "Na sani, na sani. Gara ya mutu a nan da ya mutu a gonar mai 'ya'ya takwas. Ki rubuta kawai."

Auta ta rubuta. A ranar ne ta fara tambayar Inna abubuwan da ba ta taɓa tambaya ba duk shekarun da ta yi tana wuce lambun bayan gida da littafi a hammata: yadda take gane ƙasa ta gaji, dalilin da take shuka albasa a gefen tumatir, shekarar da rijiya ta ƙafe me ta yi. Wasu amsoshin sun dace da littafi, wasu sun saɓa, a kan wasu kuma suka yi ta musu har gida, hawa huɗu, Uwar Ɗaki tana sa musu baki.

Da aka girbe, na tara ya fi kowa jure ƙishi, kamar yadda Inna ta nuna, sai dai 'ya'yansa kaɗan ne, ƙanana. Na huɗu, wanda yake haɗe ganye tun hantsi kamar zai mutu, shi ya fi cika mudu, don ashe haɗewar nan tattalin ruwa yake yi. Inna ta juya ƙwayoyin biyu a tafin hannu ta yanke hukunci: na tara mai haƙuri ne amma marowaci, na huɗu raki gare shi amma yana da kyauta. Farfesa ta ce abin da ya rage shi ne a haɗa su aure a ga abin da za su haifa, kuma wannan aikin shekaru ne, wanda Auta za ta iya ci gaba da shi a ofishinta in ta koma. Za a aika mata irin ta hannun hukuma, da takardunsa.

Ranar kare kundi malamai uku suka zauna a gaba, Auta tana tsaye da allon hotuna. Inna tana kujerar ƙarshe da Uwar Ɗaki a cinya, wadda yanzu ta yi haƙora huɗu tana neman tafiya. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma duk lokacin da wani malami ya yi tambaya sai ta harare shi, in Auta ta amsa ta gyaɗa kai da ƙarfi. Aka ce su fita a yi shawara. Minti goma aka kira su, Farfesa ta yi magana, aka tafa.

"Me suka ce?" Inna ta tambaya a baranda.

"Sun ce na ci, Inna. Sai 'yan gyare-gyare a babi na uku."

"Wane ne ya ce a gyara? Mai gemun nan ko?"

"Shi ne."

"Na ga alama tun shigowarsa." Ta miƙa mata yarinyar. "Karɓi 'yarki, ta jiƙa ni. Ki kira mijinki tun bai shiga aji ba, sannan mu biya kasuwa, akwatin nan ɗaya ba zai ɗauke mana kaya ba."